Ranar da Baba Tiamiyu Ya Ƙaryata Idonsa

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Tiamiyu Oyewusi yake shigowa Shomolu, da ƙafa daga Bariga, yau shekara talatin da takwas. Ba ya hawa danfo, ƙaramar bas ɗin haya, wai matsi yana ɓata rai, mai ɓacin rai kuwa ba ya ganin launi daidai. Kafin ya iso, layin masu ɗab'i ya riga ya ɗauki zafi. Janareta yana tari a kowace ƙofa, masu baro suna ture juna da damman takarda, wani yana ihu a waya cewa baƙi sun taru, ba a gama buga littafin jana'iza ba. A Shomolu kowane aiki jiya ake son sa. Baba yakan ratsa wannan hargowa kamar ba da shi ake ba, ya shiga maɗaba'ar Oga Sunkanmi, ya wuce injina, ya nufi lungunsa.

Lungun ba shi da abin kallo: tebur, faffaɗan gilashi a kai, sikeli, wuƙar cuɗa tawada, gwangwanaye a jere, da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashi. Kokonsa da ƙosai a waje yake shan su, ya wanke hannu da sabulu sau biyu, domin ɗigon mai ɗaya ya isa ya sauya fuskar takarda. Sannan ya ɗaura rigar aiki mai ruwan toka. Duk tufafinsa ruwan toka ne. Ya ce riga mai launi tana yi wa takarda raɗa, ido ya saurara ya ruɗe. A garin da mutum zai ƙi cin abinci ya sayi ankon biki, shi bai taɓa sa anko ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji, dangi suka sa masa suna Toka, bai ko ɗaga kai ba.

Aikinsa haɗa launi. Mai kaya zai zo ya ce, "Baba, ja nake so."

"Wane ja?" in ji Baba. "Na tumatir, na tattasai, ko na idon wanda aka kwashe wa kaya a Oshodi? Launi ba suna gare shi ba, lamba gare shi."

Zai auna, ya cuɗa, ya dangwala da yatsa a takarda, ya jira ta bushe, don tawada ɗanya ba ta faɗin gaskiya. Ba ya duba launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sai ƙarfe goma, a bakin ƙofa, cikin inuwa. Ko injin yana jira, ko mai kaya yana tsalle, sai goma. Idan mai kaya ya ce shi ke nan, wannan ne nawa, Baba zai ɗauko kati ya shafa launin, ya rubuta sunan mai shi da nauyin kowace tawada, ya naɗe katin cikin baƙar takarda ya sa a akwati, domin haske yana cin launi kamar yadda gara ke cin itace.

Ni mai yankan takarda ne a gidan nan. Shekara goma sha tara injina yana kallon teburinsa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ranar Juma'a mai zuwa Baba zai ajiye wuƙarsa. Mu da muke buga hotunan mutanen banza manya-manya a kan allo, ba wanda ya yi tunanin buga masa ko layi ɗaya. Abin da ya hana ni zama ke nan, na ɗauki alƙalami.

Na ga ranar da wani mai ƙamshin turare ya shigo da kwalin maganin ciwon kai na wani kamfani, ya ajiye a gilashi, ya ce a haɗa masa wannan shuɗin daidai. Baba ya juya kwalin ya ce, "Kamfaninka ne?"

"Baba, ina ruwanka? Launi ai na Allah ne."

"Na Allah ne. Amma wannan ya ba wani aro, ba kai ba. Ɗauki kayanka."

Mutumin ya fita yana zagi. Baba ya goge inda kwalin ya taɓa. Wannan ƙaramin abu ne a wurinsa. Babban shi ne na bara.

Akwai wata mata, Abeke Olowookere, kowa Iya Dupe yake ce mata. Sabulun salo take yi a Ikorodu, mata ashirin da uku suna aiki a ƙarƙashinta. Shekara ashirin da shida da suka wuce ta zo da ɗankwalin mahaifiyarta ta ce da Baba, "Wannan koren nake so a takardar naɗe sabuluna." Kwana uku ya yi yana cuɗawa kafin ta yarda. Kati na arba'in da ɗaya ke nan a akwati. Tun daga ranar, duk takardar da ta naɗe sabulunta daga gilashinsa ta fito. A kasuwar Oyingbo masu saye da yawa ba sa karanta suna. Nuni suke yi da baki su ce, "Ba ni mai koren nan." Koren shi ne sunanta, shi ne hatiminta, shi ne abincin mata ashirin da uku.

Sai 'yarta Dupe ta gama jami'a ta karɓi ragamar kasuwanci. Yarinya ce mai ƙwazo, ba zan ci zalinta ba. Amma tana da cutar zamani: abin da waya ba ta iya yi ba, a ganinta ba aiki ba ne. Ta ga babu dalilin ketowa har Shomolu a jira wani tsoho da ƙarfe gomansa. Ta tsaya a ƙofar gidan sabulu ta ɗauki hoton allon talla da wayarta, allon da ya shekara tara rana tana dukansa, ta tura wa wani mai zane a Ikeja. Shi kuma ya tsinci launin daga hoton, ya kai wata maɗaba'a mai araha. Aka buga, aka naɗe, aka kai kasuwa.

Koren ya fito fari-fari kamar ruwan da aka wanke kuɓewa. Sabulun shi ne na jiya, hannun da ya yi shi bai sauya ba, amma wa zai saurara? Masu saye suka duba suka ce jabu ne. Cikin mako biyu katan-katan suka fara dawowa. Matan Oyingbo suka aiko da saƙo ɗaya: ranar Asabar a kawo na gaskiya, in ba haka ba za su ba wata mai sabulu gurbin, kuma gurbin kasuwa in ya tafi ba ya dawowa.

Ranar Laraba Iya Dupe ta shigo, 'yarta a bayanta. Ba ta ko gaisa da Oga Sunkanmi ba. Ta dire sabulu ɗaya a gilashi.

"Baba, dubi abin da mai digiri ta yi mini."

"Iya, a waya daidai yake fa," in ji Dupe.

"To je ki sayar wa waya! Durƙusa ki gaida babanki, marar kunya."

Dupe ta durƙusa. Baba ya ɗaga sabulun da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "'Yar nan, wa ya haɗa miki wannan?"

"Daga allonmu aka ɗauka, Baba."

"Allo? Wanda rana ta tsotse? Kin je wurin tsohuwa mai furfura kin ɗauki hoto, kin ce a zana miki ita tana amarya." Ya ajiye. "Iya, je ki kwantar da hankalinki. Lambarki tana nan. Gobe da goma mu duba, da azahar injin ya tashi, Juma'a ku naɗe."

Washegari tun da safe ya buɗe kati na arba'in da ɗaya ta bayansa, inda rubutu yake. Rawaya kaza, shuɗi kaza, baƙi ɗan kaɗan, fari ɗan kaɗan. Ya auna har sau biyu, ya cuɗa, ya dangwala, ya jira. Iya Dupe ta iso tun tara, ta kasa zama, tana kai da kawowa tsakanin injina. Mai tuƙa injin ya riga ya wanke shi ya ɗora takarda. Ƙarfe goma Baba ya fita bakin ƙofa, mu duka a bayansa.

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

Koren da ke hannunsa ba shi ne wanda ke cikin kansa ba. Rawaya ta yi masa yawa, kamar ganyen da ya fara tunanin faɗuwa. Ya koma ya sake aunawa, sikeli ya ce bai yi kuskure ba. Ya ɗauko katin kansa ya fito da shi inuwa, ya kara da sabuwar dangwala. Iri ɗaya ne su biyun. Kuma su biyun, a idonsa, rawaya ta yi musu yawa.

"Lafiya, Baba?" in ji Oga Sunkanmi.

"Ba shi ba ne."

"Wanne?"

"Duka biyun. Koren Iya ya fi wannan sanyi. Na san shi kamar fuskar matata."

"To ai shi ke nan, katin ne ya tsufa. Shekara ashirin da biyar wasa ce? Ƙara shuɗi mu tafi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, balle naka."

Baba ya juya ga Iya Dupe. Ta yarfa hannu. "Kada ka dube ni, Baba. Ni tun da na fara sa tabarau ban ƙara yarda da kaina ba. Abin da ka ce shi ne."

Ba wanda zai yi masa musu a layin nan. Shekara talatin da takwas in an yi gardama a kan launi, daga maɗaba'u goma ake zuwa a ce Baba ya duba. Ya koma teburinsa, ya buɗe gwangwanin shuɗi, ya ɗebo a bakin wuƙa. Na ga hannunsa ya tsaya a sama. Abin da ya faɗa mini daga baya shi ne, a lokacin tambaya ɗaya ce ta tokare shi: katin da bai taɓa ganin rana ba, sikelin da bai taɓa yi masa ƙarya ba, yaya za a yi su haɗa baki rana ɗaya? In shaidu biyu sun yarda da juna, alƙali ya ƙi, wa ya kamata a bincika?

Ya ajiye wuƙar. Ya ce da ni, "Miƙo mini farar takarda."

Na miƙa masa. Ya fita bakin ƙofa, ya rufe idon hagu da tafin hannu ya duba. Ya sauya, ya rufe na dama. Ya sake. Ya sake. Da idon hagu takardar fara ce. Da na dama ta yi kamar an jiƙa ta a ruwan shayi. Ya ɗauki katin ya yi masa haka. Da hagu, ga koren Iya nan, ko kusa da shi. Da dama, ganye mai shirin faɗuwa. Ashe yanar ido ce ta fara rufe masa na dama a hankali, tana rina masa duniya da rawaya, bai sani ba.

Babu wanda ya gane abin da yake yi. Nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Da ya so, da sai ya koma ciki ya ce ya sake dubawa, katin daidai ne, a buga. Aiki ya yi kyau, asirinsa a rufe, ya ci gaba da zama alƙalin layi shekara biyu ko uku, yana lalube da ido ɗaya. Mutane nawa ne a ofisoshi da asibitoci da makarantu suke yin haka yau, sun san hannunsu ya fara rawa, sun yi shiru don kujera?

Baba ya juyo ya ce, da muryar da masu baro ma suka ji, "Idona ya fara ƙarya. Katin ne mai gaskiya. Ku bi lamba."

Oga Sunkanmi ya matso ya rage murya. "Haba Baba, a gaban mutane? Da ka ja ni gefe."

"A gaban mutane na yi shekaru ina cewa idona ne hukunci. A gabansu zan sauke shi."

"To in na hagun ma ƙarya yake yi fa?" in ji Iya Dupe. "Baba, Asabar ɗaya gare ni."

"Shi ya sa ban ce a bi na hagu ba, Iya. Na ce a bi lamba. Ranar da na rubuta ta, ɗankwalin mahaifiyarki yana kan teburin nan, idona biyu garau, ke ma naki garau, kika ce shi ne. Waccan ranar ta fi yau gani."

Aka zuba tawadar yadda take, ba a ƙara ko ɗigo ba. Injin ya tashi.

Ranar Asabar ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya goge gilashinsa sau huɗu. Ya jera gwangwanaye ya sake jerawa. Ya fita bakin ƙofa ya dawo, ya zauna ya miƙe. Kokonsa ya huce a kan benci. In lambar ta ci amanarsa, ya rasa ido ya rasa kati, kuma ya jawo wa mata ashirin da uku zaman gida. Wajen sha ɗaya wayarsa ta yi ƙara, ya kasa danna ta, ya miƙo mini. Dupe ce, tana haki, hayaniyar Oyingbo a bayanta. Ta ce suna cikin sauke katan na farko, matan kasuwa sun kewaye su, sai wata tsohuwa mai wucewa da kwando a ka, wadda ba ta san ana wata rigima ba, ta tsaya ta nuna da baki ta ce, "Yauwa, ya dawo. Ba ni uku."

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "To." Ya ɗauki kokonsa mai sanyi ya shanye.

Likita ya ce za a iya yi masa aiki, kuma za a yi. Baba ya ce idon da aka gyara zai ga hanya, zai ga jikoki, amma ba zai ƙara ɗora masa amanar mutane ba. Sai ya shiga wani aiki da ya fi na farkon tayar da ƙura. Al'adar masu haɗa launi a layin nan ita ce ɓoye ma'auni, domin shi ne igiyar da ke dawo da mai kaya. Wasu har kabari suke tafiya da shi. Baba ya buɗe akwatinsa, kati ɗari uku da goma sha biyu, ya ce kowa za a ba shi nasa.

"Baba, so kake ka rufe mini gida?" in ji Oga Sunkanmi.

"In aikinka mai kyau ne za su dawo, Oga. In sai da igiya suke dawowa, awaki kake kiwo, ba abokan ciniki ba."

Ya kira Dupe da kwamfutarta. Wata biyar suna zama kowace Talata, suna faɗa kamar kaza da 'yar shaho. Kowane kati suka yi masa layi uku: nauyin tawada don takarda, lambarsa a littafin launuka da masu ɗab'i suke amfani da shi ko'ina, da lambar nan mai gurbi shida da kwamfuta da waya suke ganewa.

"Baba, wannan ita ce lambar da nake gaya maka, ko a China aka buɗe ta launi ɗaya ne."

"Da kin san da ita, me ya kai ki hoton allo?"

"Ai ba ku ba mu ba."

Daga baya Baba ya ce mini wannan maganar ta fi yanar ido yi masa ciwo, don gaskiya ce. Da Iya Dupe tana da lambarta a hannu tun farko, da 'yarta ba ta je roƙon launi wurin allo ba. Ya ɗauki rabin laifin ya ɗora wa kansa, ba wanda ya tilasta shi.

Baba Tiamiyu, kai ne mai awon da bai taɓa danne sikeli ba. Kai ne wanda ya ƙi sayar da launin wani ga ɓarawo, ya kuma ƙi riƙe shi ga mai shi. Mutane suna yabon wanda ya kama ƙaryar wani. Ni ban ga abin yabo sosai a nan ba, kowa gwani ne a kan laifin maƙwabci. Kai ƙaryar idonka ka kama, idon da kake ci da shi, ka kai shi ƙara da bakinka. Mai burodi a Mushin, mai ruwan leda a Ketu, makarantar da ke Yaba, duk suna riƙe da katinsu yau, ko ka mutu launinsu ba zai mutu ba. Yawancinsu ba su san fuskarka ba. Mun gode. Allah ya ba da sa'ar aiki, ya mayar maka da farar takarda fara.

Ku kuma masu sana'a, ba zan yi muku laushi ba. Mai kasuwanci da bai san lambar launinsa ba, ya san sunansa a hannun rana da waya yake. Je ka nemo ta yau, ka rubuta, ka ba mai zanenka da mai bugunka da mai fentin allonka abu ɗaya, ka ba ɗanka kafin ya gaje ka. Kai kuma ma'aikaci, rubuta abin da ka sani tun kana ganin daidai, kada ka mai da shi igiya. Ranar da ka ji abin aikinka ya fara ƙarya, ido ne ko hannu ko ƙwaƙwalwa, faɗa da bakinka kafin kayan mutane su faɗa.

Jiya Iya Dupe ta shigo da ƙunshin yadi. Ta fitar da anko don walimar sallamar Baba ranar Juma'a, kore, ta ce duk layin za a sa, har da masu baro. Ta ajiye yadi biyar a kan gilashin Baba.

"Na san ba ka sa launi. Amma daga Juma'a ba ka da takardar da riga za ta yi wa raɗa. Ina jiran hujjarka."

Baba ya duba agogo. Goma saura biyar. Sai da ya jira ta cika, ya ɗauki yadin ya fita bakin ƙofa, ya rufe idon dama ya duba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya miƙa wa Dupe.

"'Yar nan, kara shi da katinku. Ke za ki faɗa."

Dupe ta ciro katin daga jakarta, a naɗe cikin baƙar takarda. Ta kara, ta duba a inuwa, ta ce, "Shi ne, Baba."

"To," in ji Baba Tiamiyu. "A kira tela."